Da Hannuna Na Rubuta Dokar Da Ta Kwantar Da Ɗan Ƙanwata

Rubutun yau dogo ne, wanda ke sauri ya ajiye shi sai dare. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, kunya ke hana ni faɗa, don ni ma da hannuna a ciki.

Shekaranjiya na taso daga Sakatariya da la'asar, na biyo ta Ƙofar Ƙaura, sai na ga fastoci biyu an manna su a bango ɗaya, ɗaya na hawa kan gefen ɗaya. Duka na dambe ne. Duka damben babur. Duka ranar Lahadi, duka bayan la'asar. Gida biyu, ƙungiya biyu, gari ɗaya. Wani yaro mai sayar da ruwan leda yana tsaye yana kallo, ya ce da ni, "Baba, wanne za ka?" Na yi dariya kawai na ja mashin ɗina. Amma har na isa gida ƙirjina bai daina nauyi ba, don na san abin da ke bayan takardun nan biyu, na kuma san jikin da zai biya kuɗinsu.

Bari in fara daga tushe, saboda waɗanda suka san ni a ofis kawai za su yi mamakin me ya haɗa ni da dambe.

Mahaifina malamin makaranta ne, amma mahaifiyata 'yar mahauta ce gaba da baya. A gidan kakana na wajen uwa na yi rabin ƙuruciyata, cikin ƙamshin kilishi da ƙarar wasa wuƙa. Abin da na fi tunawa shi ne jajiberen sallah, ranar hawan ƙaho. A ɗaure bijimi da igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a ƙafar baya, samari na ja suna saki, masu kalangu na zuga, mata na leƙe ta kan katanga. In sa ya fusata sosai, sai saurayi ya fito ya yi kirari, ya faɗa tsakanin ƙahonin ya rungume wuya, sa na wujijjiga shi yana maƙale. Wani kawuna har ya rasu da tabon ƙaho a haƙarƙarinsa, kuma in ya cire riga yana nuna mana shi kamar lambar yabo.

Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne abin da ke faruwa bayan an watse. Ranar da sa ya soki kawuna, ba wanda ya tsaya tambayar yaron wa ne. Sarkin Fawa ɗaya ne, kwata ɗaya ce. Aka yi karo-karo, aka kira mai magani, aka riƙe gidansa da cefane har ya miƙe. Wasan na da haɗari, amma mai wasan yana da masu shi. Haka dambe yake a wancan lokacin. Wasan mahauta ne, na bayan kaka, in an cika rumbu. A tashi ƙungiya guda a bi ƙauyuka, ana yanka ana sayar da nama da rana, da yamma a naɗe hannu a shiga fage. Wanda aka kashe, wato aka kai shi ƙasa, 'yan uwansa ne za su ɗauke shi su yi masa gashi. Kowa ya ji waƙoƙin Ɗan Anace na Shago ya san irin darajar da abin yake da ita.

Yanzu kiɗa ya canza. Dambe ya zama sana'a ta shekara gaba ɗaya, da gidaje masu katanga da kuɗin ƙofa, daga Kano zuwa Sakkwato, Kaduna, Dei-Dei a Abuja, Marabar Nyanya, har Legas. Ana sa mota, ana sa babur, ana sa sa. Ɓangarorin da muka sani suna nan, Kudu da Arewa da Guramada da Jamus, amma wannan hamayya ce ta cikin fage, ita ce gishirin wasan. Har kamfanoni sun shigo, irin su African Warriors Fighting Championship da Dambe Warriors League, suna ɗauka a bidiyo duniya na kallo ta YouTube. Ina faɗa tun yanzu, labarina bai shafi waɗannan ba, ko kusa. Nawa na cikin gida ne, na ƙananan ƙungiyoyin masu shirya wasa, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Masu abin sun san kansu.

Ƙanwata mahauci ta aura, Allah ya yi masa rasuwa ya bar mata 'ya'ya biyar. Babban shi ne ɗan damben. Bahago ne, dogo, marar yawan magana. Da safe yana teburin nama, da yamma yana fage. Na yi faɗa, na yi nasiha, na biya masa kuɗin jarrabawa sau biyu, ƙarshe na haƙura, don abin a jini yake. Kuma gaskiya yaron ya iya. In ya tsaya ya miƙa garkuwa ya ja mashi baya, ko ni da nake adawa da abin sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Shekara uku da suka wuce ƙungiyar masu shirya wasan da yake ciki ta dare biyu. Dalilin ba sabo ba ne, duk wanda ya taɓa shiga ƙungiya a ƙasar nan ya san shi: zaɓe da lissafin kuɗi. Waɗanda suka faɗi suka ce an yi maguɗi, waɗanda suka ci suka ce a zo a yi bayanin kuɗin ƙofa na baya. Aka kai wa manya, aka yi zama biyu, aka tashi baram-baram. Ɗaya ɓangaren ya kama wani fili ya kewaye da kwano ya buɗe nasa gidan.

A nan na shigo. Ɗaya daga cikin shugabannin tsohon gidan abokina ne tun firamare. Ya same ni har gida da daddare ya ce, "Malam, kai ne ɗan bokonmu. Kullum aikinka rubuta takardun gwamnati. Ka tsara mana dokoki yadda ba wanda zai raina mu." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara kusan 20 ina rubuta takardun da ba mai karantawa, yau ga masu buƙata. Na zauna dare uku a kan kwamfutar ofis da na aro, na fitar musu da tsarin mulki mai shafi 9, da babi-babi da sashe-sashe.

A ciki akwai wani sashe da ni na kawo shawararsa, ba su suka ce ba. Na rubuta cewa duk ɗan damben da ya taka fagen wata ƙungiya ba da izini a rubuce ba, an dakatar da shi wata shida kuma zai biya tara. Na ƙara da cewa duk wanda ya dambata da dakatacce, ko a ina ne, shi ma hukuncin ya hau kansa. Har makaɗa na sa a ciki. Da na karanta musu aka yi tafi, wani ya ce, "Kai, boko ya yi rana!" Na koma gida ina jin kaina kamar lauya.

Ba a yi wata biyu ba takardar ta faɗa hannun ɗaya ɓangaren. Suka kwafe ta kalma da kalma, sunan ƙungiya kawai suka canza. To ka ga an rufe ƙofa ta ciki, an rufe ta waje.

Ga abin da na gani da idona bayan nan.

Da farkon rabuwar, kafin dokar ta kama, 'yan dambe sun sha daɗi. Kowane gida na zawarcinsu. Wannan ya ce zan ba ka kaza, wancan ya ƙara. Yaron da a da sai dai a ba shi kuɗin mota da na sabulu, sai ga shi ana kiran wayarsa ana lallashi. Watanni uku ɗin nan su ne mafi albarka da ɗan ƙanwata ya taɓa gani, har ya sake wa uwarsa kwanon ɗaki. Da doka ta fara aiki sai ciniki ya mutu. Tunda ba ka da inda za ka, me zai sa a ƙara maka?

Na biyu, manyan suka daina haɗuwa. Mai kallo yana biyan kuɗin ƙofa ne don ya ga gwani da gwani. Yanzu gwanin nan yana gabas, wancan yana yamma, kowanne gidansa na kiransa sarki, kuma ba hanyar da za a raba gardama. Kullum fuskokin jiya ake maimaitawa. 'Yan kallo suka ragu, kuɗin ƙofa ya ragu, kuma ka san in tuwo ya yi kaɗan ba daga kwanon maigida ake fara ragewa ba.

Na uku, kuma shi ne mafi muni: yaran kowane gida sun zama rabi, amma ranakun wasa ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi, don kowa na son ya nuna gidansa ne ke ci. Ma'ana wanda a da yake shiga sau ɗaya a mako ya koma shiga sau uku. A da in an yi maka mugun kisa, ubangidanka zai ce ka je ka huta, akwai wasu. Yanzu babu wasu.

Na huɗu, bashi. Kowane gida ya koyi ɗaure yaro da kuɗin kafin alƙalami. A ba ka wani abu lokacin da kake cikin matsi, ba takarda, ba shaida, sai dai littafin da ke aljihun mai gida. Kai ba ka san ranar da zai ƙare ba.

Sannan ku tuna halin da muke ciki a jihar nan. A da in gari ya yi wa ɗan dambe zafi sai ya bi ƙauyuka, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Jibiya, ko ya tsallaka Maraɗi. Yau wa zai tara jama'a da yamma a waɗannan wuraren, da 'yan bindiga a bayan gari? Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 aka rufe iyaka wata da watanni. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya sa zuwa Kano ko Kaduna don wasa ɗaya ya zama lissafi. Duk wata ƙofar da yaro zai bi ya tsira ta toshe, saura gida biyun nan, su kuma mun sa musu kwaɗo.

Bara, bayan ƙaramar sallah, aka sa ranar auren ƙanwarsa. Kun san kayan ɗaki a wannan zamani. Ɗaya gidan suka aiko masa, wasa ɗaya tak, kuɗin da ya ninka abin da yake samu a wata. Ya zo ya same ni bayan isha'i, ya tsuguna a bakin tabarma ya ce, "Kawu, mi za ni yi? Na roƙi izini sun hana. Na ce su ranta mani sun ce babu."

Kun san amsar da na ba shi? Na ce, "Doka doka ce. In kowa ya yi abin da ya ga dama ai ƙungiya ta watse." Wallahi haka na ce. Na yi masa magana kamar ina amsa takardar koke a ofis. Ban ce zan je in ga abokina ba. Ban ce bari in ga abin da zan iya haɗawa ba. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "To Kawu, na gode," ya tashi.

Ya je ya yi wasan, ya yi kisa a turmin farko. Washegari aka karanta sunansa a lasifika a tsohon gidansa: dakatarwa wata shida. Abokansa da suka taso tare, masu naɗa masa hannu, suka daina zama a teburinsa da rana don kar a gan su. Makaɗin da ya yi shekaru yana masa kiɗa ya aiko a ba shi haƙuri. Ba shi da zaɓi sai ya koma sabon gidan gaba ɗaya, su kuma da suka ga ba shi da wurin komawa, kuɗin ranar farko bai sake maimaituwa ba. Suka ba shi kafin alƙalami ya ƙarasa kayan ɗakin, suka sa shi a kowace sanarwa, don shi ne sabon kamu.

Wata Juma'a aka buge shi, mugun bugu a gefen kai. Uwarsa ta ce daren nan ya yi amai sau biyu, ya kwana riƙe da kai, hasken waya ma ba ya so. Duk likitan da ka tambaya zai ce maka wannan alama ce ta ƙwaƙwalwa ta girgiza, kuma bugu na biyu kafin ta warke shi ne mai kashewa ko nakasawa. Ranar Lahadi suka aiko da mashin a ɗauke shi. Ya ce ba ya jin daɗi. Aka ce an riga an yi shela da sunansa, mutane sun biya, kuma ya tuna akwai lissafi tsakaninsu. Ya naɗe hannu ya shiga. A turmi na biyu aka same shi a muƙamuƙi. Waɗanda ke wurin sun ce ko garkuwa bai ɗaga ba, kamar bai ga hannun ba.

Ƙarfe tara na dare aka kira ni asibiti. Muƙamuƙi ya karye wuri biyu, kunnen hagu na zubar da jini. Aka ɗaure masa haƙora da waya mako shida, kunu da madara kawai yake zuƙa ta gefen baki. Saurayin da ke ɗaga cinyar sa da hannu ɗaya ya koma ana riƙe shi zuwa bayi.

Na je sabon gidan neman taimako. Suka ce sun yi jaje, amma shi baƙo ne, kuɗin wasa suke biyansa, kuma ma akwai sauran bashi a kansa, sun dai yafe saboda Allah. Na je tsohon gidan, wurin abokina. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo lemo, sannan ya buɗe jaka ya ɗauko takarda ya ce, "Malam, ka san ba ni da ta cewa. Dakatacce ba shi da haƙƙi a asusun ƙungiya. Ga shi nan." Ya nuna mini layin da yatsa. Na san layin. Na tuna daren da na rubuta shi, har na tuna na goge wata kalma na sa wadda ta fi ta tsauri.

Rancen ƙungiyar ma'aikata ta ofishinmu na ci na biya asibiti, har yau ana cira a albashina. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni maganar ƙanwata ce. Tana zaune a bakin gadon tana masa fifita, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Yaya, an ce kai ka rubuta masu takardar. Ashe da biro ma ana kisa?" Ba ta ƙara ba, ni ma ban amsa ba. Tun muna yara ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba, amma da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Dararen jinyar nan na yi su ina karance-karance a waya, ina neman ko mu kaɗai ne da wannan ciwon. Sai na tarar Amurkawa ma suna da hawan ƙahonsu, suna kiransa rodiyo. Makiyayan shanunsu ne suka mai da aikin yau da kullum wasa: a hau bijimi ko dokin da ba a horar ba, a riƙe da hannu ɗaya, in ka yi daƙiƙa 8 ba ka faɗo ba an ba ka maki. Ba su da albashi, su ke biyan kuɗin shiga gasa, wanda bai ci ba ya koma gida da aljihu wayam da ciwon jiki. Na ce ikon Allah, ashe kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba a ƙasar Hausa kaɗai ba ne.

A 1936, a birnin Boston, mahayan suka ƙi fita wasa saboda ladan da mai shirya gasar ya sa bai taka kara ya karya ba. Suka sa hannu a takarda ɗaya, ya ga ba sarki sai Allah ya ƙara. Daga nan suka kafa ƙungiyarsu, suka sa mata sunan kunkuru, wai don sun yi nawa kafin su fito da wuya. Ita ce ta zama babbar ƙungiyar da ake kira PRCA a yau. A 1992 mahaya bijimai 20 suka ware, kowa ya ajiye dala 1,000, suka kafa PBR, kuma ta yi ƙarfi ta kawo wa masu hawan sa kuɗin da ba su taɓa gani ba.

Amma ku ji na 2015. Wasu manyan taurarin wasan, cikinsu har da Trevor Brazile wanda ya fi kowa yawan kambun duniya, suka kafa tasu mai suna ERA, don su rage yawon hanya su ƙara samu. Sai PRCA ta yi doka: duk mai hannun jari ko muƙami a ƙungiyar da ke gogayya da ita, ba za a sabunta masa katin zama ɗan ƙungiya ba. Aka je kotu a Dallas, a watan Fabrairun 2016 alƙaliya ta ƙi dakatar da dokar. Dole kowa ya zaɓa. Wasu suka mayar da hannun jarinsu suka koma, waɗanda suka tsaya suka rasa babbar gasar ƙarshen shekara ta Las Vegas. ERA ta yi kaka ɗaya ta tsaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ƙungiyar da 'yan wasa suka kafa da yajin aiki don kare kansu, ita ce bayan shekara 80 ta rufe wa 'yan wasa ƙofa. Da na karanta dokar tasu sai na ga kamar tawa ce aka juya da Turanci.

Ba sai mun je nesa ba ma. A 2017 hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya ta yi zaɓe biyu, ɗaya a Kano ya ba Tijjani Umar, ɗaya a Abuja ya ba Musa Kida. Rigimar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a farkon 2022 aka sake zaɓe biyu. A watan Mayun 2022 gwamnatin tarayya ta ce ta janye ƙasar daga wasannin duniya na shekara biyu. 'Yan matanmu na D'Tigress sun ci kofin Afirka a 2017 da 2019 da 2021, sun sami gurbin gasar duniya ta Ostireliya da guminsu. Aka ɗauki gurbin aka ba Mali, ƙasar da suka doke a wasan ƙarshe na 2021. Da gwamnati ta janye matakin bayan 'yan makonni, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Shugabannin nan ba wanda ya rasa komai, gasar duniya kuwa ba a maimaita wa ɗan wasa ita, don ƙarfi ba ya jira. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ku dubi maƙwabtanmu kuma. Nijar na yin gasar kokawa ta Takobi tun 1975. Jihohi takwas, kowace ta kawo 'yan kokawarta, a zagaya da gasar jiha-jiha, a ƙarshe mutum ɗaya ya ɗaga takobi, kuma daga Diffa har Tillaberi ba mai gardamar waye sarki. Mu nan Katsina muna kama ta a rediyo, mun san Issaka Issaka na Dosso kamar ɗan unguwarmu. Ban ce ba su da nasu ƙorafin ba, amma gwani na haɗuwa da gwani.

Kar wani ya fahimce ni a karkace. Ba cewa nake a koma gida ɗaya tilo ba. Lokacin da gidan ɗaya ne ma yaran ba daɗi suke sha ba, abin da aka ga dama ake ba su, wanda ya yi magana a ce ya yi rashin kunya. Na faɗa muku watanni ukun da aka yi ana zawarcinsu su ne mafi alheri. Gida biyu rahama ne in suna tsere wajen kyautata wa ɗan wasa: wa ya fi biya, wa ya fi kula da mai rauni, wa ya fi adalcin alƙalanci. Suna zama azaba ne ranar da suka koma tsere wajen hana shi motsi. Kuma su ma masu gidajen ba shaiɗanu ba ne. Abokina yana biyan hayar fili, da lasifika, da makaɗa, da 'yan tsaro, ya raini yaro tun ba a san shi ba, ranar da ya yi suna wani ya zo ya ɗauke. Wannan ciwo ne na gaske. Amma maganinsa yarjejeniya ce mai wa'adi da lada, ba kurkuku ba.

Na san akwai masu cewa dambe ma ɗungurungum bai dace ba, a bar shi ya mutu. Ina girmama ra'ayinku, malamai sun yi magana a kan dukan fuska, ni ma na so yaron nan ya bari tun tuni. Amma ko mun so ko mun ƙi ranar Lahadi za a cika filayen nan biyu, kuma 'ya'yan talakawa ne a tsakiya. Kafin a gama muhawara, a rage ɓarna.

Abin da nake roƙo kaɗan ne, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

A soke dokar dakatarwa a gidajen biyu rana ɗaya, gaban shaidu. In gida na son ya riƙe yaro, ya yi masa takarda da Hausa, a karanta masa a gaban waliyyinsa, da ranar farawa da ranar ƙarewa da abin da za a ba shi. Kuɗin kafin alƙalami a rubuta shi kofi biyu, ɗaya a hannun yaron. Duk wanda aka yi wa kisan da ya suma, ko ya yi amai, ko jiri ya kama shi, kar ya sake naɗa hannu a kowane gida sai likita ya duba shi, kuma gidajen su riƙa sanar da juna. A cire wani abu daga kowane tikitin ƙofa a zuba asusun jinya guda ɗaya, wanda ba ya hannun ko ɗaya daga cikin shugabannin biyu. A raba ranaku, wannan Juma'a wancan Lahadi, sau ɗaya ko biyu a shekara a haɗa gwanaye. Hukumar wasanni ta jiha da sarakunan fawa da iyayen ƙasa suna da bakin da za a ji, in sun ga dama zama ɗaya ya isa.

Ku kuma 'yan dambe, ƙannena, ku ne kaɗai ba ku da ƙungiya a cikin wannan harka. Masu gida na da tasu har biyu. Kuna zagin juna a TikTok saboda mutanen da in sun haɗu a ɗaurin aure tafawa suke yi. Mahayan Boston ba digiri ne da su ba, takarda ɗaya suka sa wa hannu. Ranar da kuka ce ba mai naɗa hannu sai an yi asusun jinya, kafin magariba za a yi shi, don ba wanda ke biyan kuɗin ƙofa ya kalli shugaban ƙungiya.

Sai 'yan uwana 'yan boko, masu rubuta wa ƙungiyoyin unguwa da na kasuwa da na 'yan acaɓa tsarin mulki a kyauta. Kafin ka rubuta "duk wanda ya", tsaya ka sa sunan ɗanka a wurin, ka sake karantawa. Ni ban yi ba.

Watan jiya na koma wurin abokina na ce a cire sashen. Ya ce ya yarda, amma sai waɗancan sun fara cirewa. Na aika wa waɗancan, suka ce ai su kwafa suka yi, mai asali ya fara. Don haka na sake zama dare biyu na rubuta wata takardar, shafi ɗaya tak, da abubuwan da na lissafa a sama. Ranar Lahadi in Allah ya kai mu zan kai wa kowane gida kofi kafin a fara kiɗa. Ban sani ba ko za su karanta.

Yaron ya koma teburin nama. Kunnen hagu ba ya ji sosai, in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. Ran nan na je sayen nama na tarar da igiyar naɗin hannunsa a rataye a ƙusa, wankakkiya. Na ce, "Wannan fa?" Ya yi murmushi da bakin da bai gama daidaita ba, ya ce, "Kawu, wata shidan ai sun cika." Ya auna mini nama ya ƙara gyara, ya ƙi karɓar kuɗi. Har yau bai taɓa yi mini maganar takardar ba.

Wanda ke da kusanci da manyan harkar nan, don Allah ya isar musu. Wanda kuma ya san ni ya san su, kar ya kama suna a ƙasa, ba tonon silili na zo yi ba, laifina na zo faɗa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a jiharmu, ya yafe mana abin da hannayenmu suka rubuta. Amin.